Malamin da ya zama mai biki: yadda makaɗan jita ke kafa tarukansu da hannunsu

Duk wanda ya ɗauki takardar shirye-shiryen wani bikin kiɗan jita a Turai ko Amurka, ya buɗe shafin da ake gabatar da shugabannin bikin, zai tarar da abu guda yana maimaita kansa. Mutumin da aka rubuta a matsayin daraktan biki shi ne zai hau dandali a daren buɗe taro, shi ne zai zauna da ɗalibai da hantsi yana gyara musu zaman yatsu, kuma sau da yawa sunansa yana cikin jerin alƙalan gasar da za a rufe taron da ita. Idan aka bi tarihin aikinsa za a ga malami ne a wata kwalejin kiɗa, yana da faya-fayai a kasuwa, kuma shi da kansa ya kafa bikin, wani lokaci tare da matarsa ko tsofaffin ɗalibansa. Wannan tara ayyuka a hannun mutum ɗaya yana da dalili, kuma dalilin yana cikin tarihin ita jitar kanta.

Jitar da ake magana a kanta ita ce wadda Turawa ke kira ta kilasika, wato akwatin katako mai tsirkiya shida wanda ba ya buƙatar lantarki, ana kaɗa shi a zaune da faratan hannun dama, ana bin kiɗan da wani ya riga ya rubuta a takarda. Masassaƙin nan ɗan Sifaniya, Antonio de Torres, wanda ya rasu a 1892, shi ya ba ta girma da siffar da take da su a yau, Francisco Tárrega kuma ya daidaita yadda ake riƙe ta da yadda ake sarrafa yatsu. Andrés Segovia, wanda aka haifa a 1893 ya rasu a 1987, shi ne ya fitar da ita daga ɗakunan hira ya kai ta manyan zauruka, a Faris a 1924, a New York a 1928. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka samu tsirkiyar nailan ta maye gurbin ta hanjin dabba, wadda ke saurin tsinkewa da sakin murya idan iska ta yi laima, kuma wannan sauyi ya sa jitar ta yi araha ta yi sauƙin riƙo ga ɗalibi.

Amma duk da wannan ɗaukaka, jita ba ta samu gurbi a manyan cibiyoyi biyu da ke ciyar da makaɗan Turai ba. Cibiya ta farko ita ce babbar ƙungiyar makaɗa, wadda ake kira okestira. Cikakkiyar okestira tana ɗaukar masu goge kusan talatin, kowannensu da albashi da fansho, amma babu kujerar dindindin ko ɗaya ga mai jita. Idan aka gayyace shi, baƙo ne na dare ɗaya ko biyu, kuma galibi za a nemi ya kaɗa aiki guda ne, wato wanda Joaquín Rodrigo ya rubuta a 1939 mai suna Concierto de Aranjuez. Cibiya ta biyu ita ce kwalejin kiɗa, kuma a nan ma jita ta daɗe a bakin ƙofa. Kwalejin Madrid ta naɗa Regino Sainz de la Maza farfesan jita a 1935, amma wasu ƙasashe sun yi nawa ƙwarai. Julian Bream, wanda ya zama ɗaya daga cikin gwanayen ƙarnin da ya wuce, ya shiga Royal College of Music ta Landan ne a matsayin ɗalibin piyano da babban goge, domin ba a koyar da jita a can a lokacinsa. Sai a 1960 makaɗin jita John Williams ya buɗe sashenta yana saurayi. Kwalejin Faris, wadda aka kafa tun 1795, ba ta buɗe ajin jita ba sai 1969 a ƙarƙashin Alexandre Lagoya. Juilliard ta New York ta jira har 1989, Curtis ta Philadelphia kuma har 2011.

Mai jita na tsakiyar ƙarni na 20 ke nan ya tashi ya tarar babu albashin da ke jiransa, kuma sau da yawa babu malamin kirki a garinsu. Abin da ya cike wannan giɓi shi ne darussan bazara. Segovia ya riƙa koyarwa a Accademia Chigiana da ke Siena ta Italiya a shekarun 1950, sannan a 1958 ya haɗa kai da wani jami'in diflomasiyyar Sifaniya, José Miguel Ruiz Morales, suka kafa darussan Música en Compostela a birnin Santiago de Compostela. Matasa daga nahiyoyi daban-daban suna tara kuɗi duk shekara domin su je su zauna a gabansa na 'yan makonni. Daga wannan tsari ne bikin jita na zamani ya samo siffarsa: darasi da rana, wasa da dare, kowa yana kwana yana cin abinci a wuri ɗaya.

Yana da kyau a kalli irin wannan darasi daga kusa, domin shi ne zuciyar kowane biki. Ɗalibi yana hawa dandali da jitarsa da wani ɗan ƙaramin matashin ƙafa na ƙarfe ko katako, ya ɗora ƙafar hagu a kai, ya kwantar da ƙugun jitar a cinyarsa. Kafin ya shigo ya riga ya ɓata lokaci yana goge faratan hannun damansa da takardar yashi mai laushi, domin ɗan kaushi a bakin farce yana fitowa a murya kamar karce. Malamin yana zaune gefensa, sauran ɗalibai kuma suna ƙasa da kwafin kiɗan a hannu da fensir. Wani lokaci ɗalibin zai kai ƙarshen kiɗan, wani lokaci kuma ba zai wuce layi biyu ba za a tsayar da shi, a ce ya canza yatsan da yake danna wata tsirkiya da shi, ko ya matsar da hannun dama kusa da bakin ramin jitar domin murya ta yi taushi. Ana gyara mutum ɗaya ne, amma mutum hamsin ke karatu. Segovia ya kasance mai tsanani a wannan fage. A darussan da ya gabatar a Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 1986, yana da shekara 93, ya tsayar da wani matashin makaɗi Ba'amurke ya sallame shi daga dandali saboda ya canza tsarin yatsun da shi Segovia ya rubuta, kuma hoton bidiyon wannan zama har yau ana muhawara a kansa tsakanin makaɗa. Yawancin malaman da suka biyo baya sun gaji tsarin darasin amma sun sassauta halin.

A cikin waɗanda suka zauna gaban Segovia akwai Oscar Ghiglia, ɗan Italiya da aka haifa a 1938 ya rasu a 2024, wanda sunansa bai kai na Bream ko Williams tashe ba, amma tasirinsa a kan bukukuwan yau ya fi yadda ake zato. A 1969 ya kafa sashen jita a bikin kiɗa na Aspen da ke jihar Colorado, daga baya ya karɓi darussan Siena, ya kuma yi shekaru yana koyarwa a Basel ta Suwizalan. Eliot Fisk da Sharon Isbin duka sun yi karatu a hannunsa a Aspen, Dale Kavanagh kuma a Basel, kuma dukansu uku sun zama shugabanni a wannan fage: Fisk ya kafa bikin Boston, Isbin ta kafa sashen jita na Juilliard ta kuma jagoranci na Aspen inda ta yi ɗalibta, Kavanagh kuwa tana cikin ginshiƙan bikin Iserlohn na Jamus. Wannan silsila ta malami da ɗalibi ita ce ainihin jarin mai shirya biki, domin da ita yake samun gwanayen da za su amsa gayyatarsa a kan kuɗin da bai kai abin da suka saba karɓa ba, da ita kuma yake samun ɗaliban da za su cika kujeru.

Sai dai ba duka shugabannin bukukuwa ne taurarin dandali ba, kuma labarin Eli Kassner ya nuna haka. An haife shi a Vienna a 1924, ya tsere daga mulkin 'yan Nazi yana yaro, ya isa Kanada a 1951. A 1956 ya kafa ƙungiyar masu son jita ta Toronto, ya je Sifaniya ya yi karatu a wurin Segovia a 1959, ya dawo ya riƙa koyarwa a Jami'ar Toronto da kwalejin kiɗa ta birnin, kuma cikin ɗalibansa akwai Liona Boyd. Shi malami ne kafin komai, kuma abin da ya dame shi damuwar malami ce: ɗalibansa suna nesa da inda gwanaye suke, kuma ba kowa ke da halin zuwa Turai ba. Maganin da ya samo shi ne ya kawo gwanayen Toronto. Ta haka aka yi bikin Guitar '75, sannan aka maimaita shi duk bayan shekara uku, a 1978 da 1981 da 1984 da 1987. A gasar bikin farko Sharon Isbin ta zo ta ɗaya tun ba ta cika shekara ashirin ba, kuma wannan nasara tana cikin abubuwan da suka buɗe mata ƙofa. A na ƙarshe kuma John Williams ya fara kaɗa wani babban aiki na jita da okestira da Leo Brouwer ya rubuta, wanda aka sa wa sunan birnin Toronto. A ganina wannan shi ne ma'auni mafi adalci na aikin mai biki, wato me ya rage bayan baƙi sun watse, kuma a nan abin da ya rage shi ne makaɗiyar da aka gano da kuma kiɗan da da ba a rubuta shi ba.

Eliot Fisk kuwa ya zo ta wata hanya, domin shi gwanin dandali ne da koyarwa ta bi shi duk inda ya je. An haife shi a Philadelphia a 1954, ya yi karatu a Jami'ar Yale, inda babban malaminsa, Ralph Kirkpatrick, ba ma mai jita ba ne, masanin hafsikod ne, wato kayan kiɗan nan mai madannai da ya riga piyano. Daga gare shi Fisk ya koyi ayyukan tsofaffin marubutan kiɗa Scarlatti da Bach daga tushe, abin da ya sa ya zama ɗaya daga cikin masu yawan mayar da kiɗan wasu kayan zuwa jita. Mafi shahara a cikin irin wannan aiki nasa shi ne gajerun kaɗe-kaɗe 24 masu tsananin wuya da Paganini ya rubuta wa goge, waɗanda ya mayar da su duka kan jita. Ana yawan bayyana shi a matsayin ɗalibin Segovia na ƙarshe. A 1977 ya kafa sashen jita a makarantar kiɗa ta Yale, daga nan ya koyar a Cologne ta Jamus, sannan a Mozarteum ta Salzburg daga 1989, da kuma New England Conservatory ta Boston daga 1996. Luciano Berio, ɗaya daga cikin manyan marubutan kiɗa na Italiya, ya rubuta masa aikin Sequenza XI wanda aka fara kaɗawa a 1988.

Lokacin da ya kafa Boston GuitarFest a 2006 yana da shekara hamsin da 'yan kai, kuma yana da duk abin da biki ke buƙata a hannunsa: zaure da ɗakunan darasi na kwalejin da yake aiki, tsofaffin ɗalibai da suka bazu a ƙasashe da yawa, da suna da zai sa mai kuɗi ya saurare shi. Matarsa, Zaira Meneses, wadda ita ma makaɗiyar jita ce daga Meziko, tana cikin jagorancin bikin. Halin Fisk ya bayyana a tsarin taron, domin mutum ne da aka sani da zuwa makarantu da gidajen tsofaffi da gidajen yari ya yi wasa, kuma ya daɗe yana kokawa a kan yadda kiɗan kilasika ke rufe kansa a cikin zaurukan masu hali. Wannan wani abu ne da ya kamata a lura da shi a kowane biki irin wannan: jerin baƙi da irin kiɗan da ake fifitawa hoton ɗanɗanon mutum ɗaya ne, da abokansa, da kuma abin da yake ganin an yi sakaci da shi.

Leo Brouwer na Kyuba shi ne misalin wanda ƙaddara ta sauya wa hanya. An haife shi a Havana a 1939, ya koyi jita a wurin Isaac Nicola, ya je Amurka ya ƙaro ilimin rubuta kiɗa a Juilliard da Hartt, ya dawo ya jagoranci sashen kiɗa na hukumar fina-finan ƙasarsa. Ya kasance gwanin kaɗa jita na gaske har zuwa farkon shekarun 1980, lokacin da rauni a jijiyar wani yatsan hannun damansa ya raba shi da dandali. Ga mai jita wannan kusan ƙarshen sana'a ne, amma shi sai ya karkata ga rubutu da jagorancin okestira da shirya taro. Ya zama jigon bikin jita da gasar ƙasa da ƙasa ta Havana, wadda ta riƙa jawo gwanaye daga ɓangarorin duniya biyu da ke zaman doya da manja a zamanin yaƙin cacar baki, sannan ya jagoranci okestirar birnin Kordoba ta Sifaniya daga 1992 zuwa 2001. Kiɗansa yana ɗauke da amon ibadun Kyubawa 'yan asalin Afirka, wanda tushensa ke komawa ƙasar Yarabawa. Amma abin da ya fi shiga gidajen mutane daga aikinsa shi ne gajerun darussa ashirin da ya rubuta wa masu koyo, waɗanda da wuya a samu ɗalibin jita a yau da bai bi ta kansu ba.

A Jamus, Thomas Kirchhoff ya kafa bikin Iserlohn a 1992 a garin haihuwarsa, wanda ba babban birni ba ne, kuma shi da Dale Kavanagh, da suke wasa tare da sunan Amadeus Guitar Duo tun 1991, suka raine shi har ya zama ɗaya daga cikin manyan tarukan jita na Turai. Irin wannan biki na ƙaramin gari ya fi nuna abin da darakta ke yi a zahiri idan an cire rigar dandali. Shi ne zai nemi tallafin hukumar gari da na bankin yanki, ya rubuta wa kamfanonin tsirkiya irin su D'Addario da Savarez, ya sayar da tebura ga masassaƙan jita da masu buga takardun kiɗa da ke zuwa baje koli, ya tsara wane malami zai ga wane ɗalibi a wane ɗaki, ya kuma san yadda zai yi idan jirgi ya sauke baƙo ya bar jitarsa a wani filin jirgin. Kuɗin tikiti kaɗai ba ya riƙe biki, domin jita ba ta da ƙarar da za ta cika katafaren zaure, saboda haka kujerun da ake sayarwa ba su da yawa. Kuɗin da ɗalibai ke biya na darasi da masauki shi ne ƙashin bayan lissafin, kuma wannan ne ya sa malami mai ɗalibai ya fi kowa dacewa da kujerar darakta.

Tsarin yana da nasa rauni, kuma masu sana'ar da kansu suna faɗa. Na farko shi ne cuɗe ni in cuɗe ka: daraktan wannan biki ya gayyaci na wancan, shi ma ya rama masa baɗi, har a wayi gari sunaye iri ɗaya ne ke zagaya nahiya, matashin da ba shi da nasa biki kuwa ya rasa abin da zai bayar a musaya. Na biyu shi ne batun gasa, inda malami kan tsinci kansa a kujerar alƙali ɗalibinsa yana kan dandali. Gasa da dama suna hana alƙali ba wa ɗalibinsa maki, amma wannan bai hana abokinsa da ke zaune kusa da shi sanin ɗalibin wane ne ba. Na uku, wanda nake ganin ya fi sauran nauyi, shi ne cewa yawancin masu sauraro a waɗannan bukukuwa su ma masu jita ne. Zaure cike da mutanen da ke kallon yatsu yana ƙarfafa gudu da tsafta a kiɗa, kuma matakin gwaninta ya tashi sosai saboda haka, amma bai cika samar da sababbin masu sauraro daga cikin gari ba, alhali su ne za su biya kuɗin tikiti a sauran watannin shekara.

Akwai kuma tambayar abin da ke faruwa idan wanda ya kafa bikin ya gaji ko ya tsufa, kuma amsoshin da aka gani sun bambanta. Jerin bukukuwan Toronto ya tsaya a 1987, ko da yake ƙungiyar da Kassner ya kafa ta ci gaba da shirya wasanni, shi kuma ya rayu har 2018. Bikin Kordoba, wanda Paco Peña, gwanin filamenko, wato kiɗan gargajiyar kudancin Sifaniya, ya assasa a 1981 kafin ya zama farfesan farko na jitar filamenko a kwalejin Rotterdam a 1985, ya koma hannun hukumomin birnin, ya girma ƙwarai, ya kuma buɗe ƙofa ga makaɗan jaz da buluz da rok masu cika fili, ta yadda darussan jita suka zama ɓangare guda na taro mai faɗi. Gidauniyar Jita ta Amurka, wadda aka kafa a 1973 ta kuma fara gasarta a 1982, ta bi wata dabara: taronta na shekara yana ƙaura daga gari zuwa gari, galibi wani malamin jami'a ne ke karɓar baƙuncinsa, wanda ya ci gasar kuma ana shirya masa rangadin wasanni a gomman garuruwa tare da faifai a kamfanin Naxos. Jason Vieaux ya ci wannan gasa a 1992 yana da shekara 19, ya zama shugaban sashen jita a kwalejin kiɗa ta Cleveland, sannan shi da David Starobin suka buɗe sashen Curtis a 2011. Martha Masters ta ci ta a 2000, kuma bayan 'yan shekaru ita ce ta zama shugabar gidauniyar da ta ba ta kyautar.